Yadda Ake Ceto Kwamfutar Da Ta Maƙale Wajen Sabunta Windows

Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, jama'a suka yi ca wajen ƙaura zuwa Windows 11, kuma ba kowa ne ya haye lafiya ba. Wata kwamfutar ta tsaya a kashi 61 ta ƙi gaba ta ƙi baya, wata ta yi ta kashe kanta tana kunnawa, wata kuma ta dawo tsohon Windows ɗauke da wata lamba mai tsawo. Na gyara irin waɗannan ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, kuma abin da na gani shi ne: sabuntawar da ta gaza da wuya ta ci fayil ɗin mutum. Wanda ya firgita ya yi fomatin shi ne yake cinye su da hannunsa. Don haka duk abin da zan koya maka a nan ya ginu ne a kan tsari ɗaya: a fara fitar da fayiloli, a gano cutar, a gwada magani mai sauƙi kafin mai tsanani.

Ka fara sanin abin da ke faruwa a ciki, a taƙaice. Windows yana tara sabbin kayansa a wata ɓoyayyiyar folda mai suna $WINDOWS.~BT, sai ya sake kunna kwamfutar ya kwashe tsohon tsarin ya zuba a Windows.old, ya kafa sabon, ya ɗora direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa shi ya yi magana da allo da sifika da sauran sassa, sannan ya dawo da saitunanka. In ya yi tuntuɓe a hanya, an gina shi ne ya koma baya da kansa. Ma'ana, hotunanka da takardunka suna nan a kan diski, ko a C:\Users ko a C:\Windows.old\Users, ko da allon ya yi baƙi ƙirin.

Kayan aiki

- Filash mai aƙalla 8GB wanda babu komai mai muhimmanci a kansa, domin za a goge shi.
- Wata kwamfuta mai lafiya da intanet. A kanta za ka sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft ka mayar da filash ɗin na girka Windows. In ba ka samu wannan manhaja ba, sauke fayil ɗin ISO, wato kwafin faifan girka Windows, ka rubuta shi a filash da manhajar Rufus.
- Diskin waje, ko filash na biyu mai faɗi, na kwashe fayiloli.
- Caja, da wuta wadda ba za ta ɗauke a tsakiyar aiki ba. Kada ka dogara da batir.
- Waya ta ɗaukar hoton duk saƙon da ya fito a allo.
- Mabuɗin BitLocker, wato tsarin da Windows ke kulle diski da shi, in an kulle diskin.

Wannan na ƙarshen shi ne wanda mutane ke mantawa, shi ne kuma wanda ba shi da madadi. Kwamfutoci da yawa na zamani suna zuwa da diski a kulle ba tare da mai ita ya sani ba. Mabuɗin lambobi ne 48, kuma yawanci yana ajiye a asusun Microsoft da aka shiga kwamfutar da shi. Buɗe account.microsoft.com/devices/recoverykey a wayarka ka kwafe shi a takarda tun kafin ka taɓa komai. In kwamfutar ta wurin aiki ce ko ta makaranta, mabuɗin yana wajen masu kula da na'urorinsu.

1. Tabbatar ta maƙale da gaske

Kashin da ke allo ba ya tafiya daidai da aikin. Yana iya zama a wuri ɗaya na awa guda, musamman a tsohon diski mai juyawa, sannan ya yi tsalle. In kwamfutar tana da 'yar fitilar diski kuma tana ƙiftawa, aiki take yi, ka ƙyale ta. Ni ina ba ta awa biyu zuwa uku kafin na yanke hukunci. Kafin nan ka zare duk abin da ke maƙale da ita, firinta, diskin waje, katin ajiya, allo na biyu, ka bar caja da kibod da linzami kawai. Sau da yawa da zarar an zare wani abu a ramin USB sai ka ga kashin ya motsa.

In allon baƙi ne amma fanka na juyawa, danna Windows da Ctrl da Shift da B a tare. Wannan yana farkar da direban allo. In shiru, kuma lokacin ya cika, danne maɓallin kunnawa daƙiƙa goma har ta mutu, sannan ka kunna. In ka ga rubutu cewa tana mayar da sauye-sauyen da aka yi, kada ka sake kashe ta. Komawa baya take yi, kuma katse ta a wannan gaɓa ya fi katse ta a farko muni. In ta dawo tsohon Windows lafiya, kwafe fayilolinka zuwa diskin waje ka wuce mataki na 5.

2. Shiga ɗakin gyara

Windows yana da wani ƙaramin wurin gyara mai shuɗin allo. In kwamfutar ba ta kai ka can da kanta ba, kunna ta, da ka ga alamar kamfani ka danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Yi haka sau biyu, a kunnawa ta uku ka bar ta, za ta shiga gyara. Daga nan ka bi Advanced options, sai Troubleshoot, sai Advanced options kuma.

In wannan ya ƙi, sa filash ɗin da ka haɗa ka tayar da ita daga kansa. Maɓallin zaɓen ya danganta da kamfani: F12 a Dell da yawancin Lenovo, F9 a HP. Bayan ka zaɓi harshe, kada ka danna girkawa. Nemi Repair your computer, ko Repair my PC a sabon Windows 11, shi zai kai ka wuri ɗaya da wancan.

3. Fitar da fayilolinka kafin komai

Kada ka tsallake wannan don ganin kamar gyaran mai sauƙi ne. Akwai ranar da na tsallake shi a kwamfutar wata ɗaliba, na shiga gyaran tayarwa kai tsaye, ashe diskin ne yake kan hanyar mutuwa, kuma kowace kunnawa ƙara masa ciwo take yi. Da ƙyar muka fitar da rabin aikin bincikenta. Tun daga ranar ban sake fara gyara ba sai na ga fayiloli a wani wuri daban.

Sa diskin wajen, buɗe Command Prompt, wato baƙin akwatin rubuta umarni da ke cikin Advanced options, rubuta notepad ka danna Enter. A cikinsa ka danna File, sai Open, ka sauya nau'in fayil zuwa All Files. Yanzu kana ganin duk diskokin kamar a Windows. Danna dama a kan foldar da kake so, Copy, ka je diskin waje, Paste. Ba zai nuna maka yadda kwafin ke tafiya ba, zai yi kamar ya daskare, ka jira shi.

Ka lura, a ɗakin gyara haruffan diski suna sauyawa. Abin da ka sani da C: yana iya zama D: ko E:. Ka duba wanda ke da foldar Users a ciki. In fayilolin suna da yawa, wannan umarnin ya fi notepad, da ɗaukar cewa Windows yana D: diskin waje kuma yana F:

robocopy D:\Users F:\Ajiya /E /XJ /R:1 /W:1

In foldar Users ta zo kusan wayam, kada gabanka ya faɗi, duba Windows.old\Users. In kuma ɗakin gyaran ya ƙi buɗuwa sam, rubuta Ubuntu, wani tsarin Linux da ke aiki a madadin Windows, a filash, tayar da kwamfutar da shi, zaɓi gwadawa ba girkawa ba, ka kwashe kayanka daga nan. Kuma in kwafin yana ta tsayawa ko diskin yana ƙara kas-kas, ka dakata da duk wani gyara. Matsalar ba ta Windows ba ce, sabon diski ake buƙata.

4. Mayar da ita kan ƙafafunta

Yanzu za ka iya gwaji da kwanciyar hankali. Fara da Uninstall Updates, ka zaɓi Uninstall latest feature update. Shi ne yake mayar da kai tsohon Windows daga Windows.old, kuma shi ya fi yawan yin aiki a wannan matsala. In ya ƙi, gwada Startup Repair, sannan System Restore in akwai ajiyayyen lokaci. Akwai kuma Startup Settings: bayan ta sake kunnawa ka danna 4 don shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da direbobi kaɗan. In ta tashi a nan, kusan tabbas direba ne ko wata manhaja ke kayar da ita.

In tana ta zagaye a kan wani aikin da bai kammala ba, a Command Prompt ka rubuta:

dism /image:D:\ /cleanup-image /revertpendingactions

In kuwa saƙon yana cewa ba a ga abin tayarwa ba, fayilolin tayarwa ne suka lalace. Rubuta diskpart, sai list volume. Nemi ƙaramin yanki mai FAT32, girmansa kamar 100MB zuwa 260MB. In lambarsa 2 ce, rubuta select volume 2, sai assign letter=S, sai exit. Sannan:

bcdboot D:\Windows /s S: /f UEFI

Gargaɗi biyu a nan. A cikin diskpart akwai umarni mai suna clean, wanda ke share tsarin diski gaba ɗaya nan take ba tare da ya tambaye ka ba. Kada ka rubuta shi ko da ka gan shi a wani bayani. Na biyu, tsofaffin umarnin bootrec /fixmbr da /fixboot na zamanin tsohon BIOS ne, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, wadda sabon salonta ake kira UEFI. A kwamfutar UEFI na farkon ba ya amfana komai, na biyun kuma yakan ce an hana ka izini, ka ɓata lokaci a banza.

In shuɗin allo ya ce INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, tambayi kanka ko ka taɓa saitin diski a BIOS, tsakanin AHCI da RAID. In ka taɓa, mayar da shi yadda yake.

5. Karanta lambar kuskuren

Nan ne ainihin aikin yake, nan ne kuma mutane suke gudu. Sai su sake danna sabuntawa sau biyar, ta faɗi sau biyar a rami ɗaya. Lambar nan ba ado ba ce, tana faɗa maka abin da ya faru da inda ya faru. In ba ka ɗauki hotonta ba, duba Update history a cikin saitin Windows Update.

Yawanci lambobi biyu ne a jere, kamar 0xC1900101 - 0x30018. Ta farko ita ce cutar. A ta biyun, lambar farko bayan 0x tana nuna matakin: 2 lokacin da ake kafa sabon tsarin, 3 kunnawar farko, 4 kunnawa ta biyu. Waɗanda na fi cin karo da su:

- 0xC1900101: kusan kullum direba ne. In ta zo da 0x20017, ka zargi direban diski ko tsohon BIOS ko manhajar kulle diski. In ta zo da 0x30018 ko 0x40017, ka zargi direban wata na'ura ko manhajar kashe ƙwayoyin cuta.
- 0xC1900208: akwai manhajar da ba ta jituwa da sabon Windows.
- 0xC1900200 ko 0xC1900202: kwamfutar ba ta cika sharuɗɗa ba.
- 0x80070070 ko 0xC190020E: wuri ya yi kaɗan.
- 0x80073712: wani fayil ɗin Windows ya lalace ko ya ɓace.
- 0x800F0922: ko an kasa isa ga sabar Microsoft, sau da yawa saboda VPN, ko ƙaramin yankin tayarwa ya cika.

Akwai abin da ya fi zato. Tun daga Windows 10 sigar 2004, wata 'yar manhaja mai suna SetupDiag tana binciken gazawar da kanta ta ajiye sakamako a C:\Windows\Logs\SetupDiag\SetupDiagResults.xml. Buɗe shi da notepad. Wani lokacin za ka ga sunan direban ko manhajar ƙarara. In babu shi, duba setuperr.log a C:\$WINDOWS.~BT\Sources\Panther, ko foldar Rollback da ke kusa da ita. Fara karantawa daga ƙasa, don layukan ƙarshe su ne na lokacin faɗuwa. Kada yawan kurakuran ya tsorata ka, ko sabuntawar da ta yi nasara tana barin kurakurai a wannan fayil.

6. Cire sanadin

In wuri ne, buɗa mata aƙalla 30GB a C:, wannan shi ne ma'aunina. Kwashe bidiyoyi zuwa waje ka yi amfani da Disk Cleanup, amma in har kana iya buƙatar komawa baya, kada ka sa alama a Previous Windows installation, domin Windows.old ke nan.

In direba ne ko manhaja, cire manhajar kashe ƙwayoyin cuta da ba ta Windows ba. Cirewa nake nufi, ba dakatarwa ba, saboda direbanta yana nan yana aiki ko ka kashe ta. Haka VPN da manhajojin da ke ƙirƙirar diskin bogi da tsofaffin manhajojin firinta. Buɗe Device Manager, duk na'urar da ke da alamar rawaya ka sabunta ta ko ka cire ta. Je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ka nemi ainihin samfurinka, ka sauke sabon BIOS da direban diski da na allo. Sabunta BIOS sai caja na jone, kuma sai ka dakatar da BitLocker tukuna, in ba haka ba za ta tare ka da tambayar lambobi 48.

In sharuɗɗa ne, PC Health Check zai faɗa maka wanne ya rage. Windows 11 yana son RAM 4GB, diski 64GB, UEFI mai iya Secure Boot, TPM 2.0, wato sashen tsaro na kwamfutar, da firosesa daga Intel zubi na 8 ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama, ban da 'yan kaɗan. Sau da yawa TPM ɗin yana nan, a kashe yake kawai. A BIOS sunansa PTT a Intel, fTPM a AMD. Kunna shi za ka yi, kada ka danna Clear TPM. Sannan ka rubuta msinfo32 ka duba BIOS Mode. In ya ce Legacy, diskin yana kan tsohon tsari na MBR, sai an juya shi zuwa sabon tsari na GPT:

mbr2gpt /validate /allowFullOS

In ya amince, sai ka maimaita da /convert a madadin /validate, ka shiga BIOS nan take ka sauya zuwa UEFI. Wanda ya sauya BIOS kafin ya juya diskin, ko ya juya diskin ya manta BIOS, zai ga kwamfutarsa ta ƙi tashi, alhali babu abin da ya lalace.

Na san Rufus yana iya tsallake binciken TPM da firosesa. Ba na ba da shawarar haka a kwamfutar da mutum ke neman abinci da ita, domin Microsoft ya faɗa fili cewa bai yi alkawarin ci gaba da ba irinsu sabuntawa ba, kuma sigar 24H2 ba ta tashi ko kaɗan a firosesar da ba ta da SSE4.2. Tsohuwar kwamfuta mai lafiya gara a sa mata Linux Mint ko Ubuntu ta ci gaba da aiki.

7. Gyara tsohon Windows kafin sake ɗora sabo

Buɗe Command Prompt a matsayin Administrator, ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya gama:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

sfc /scannow

chkdsk C: /f

DISM ne a gaba saboda shi ke gyara rumbun da sfc ke ɗebo fayiloli daga ciki. Yakan daɗe a wajen kashi 62, ba maƙalewa ya yi ba. Shi kuwa chkdsk zai nemi ka sake kunnawa. In kana zargin abin da aka sauke ne ya lalace, rubuta net stop wuauserv da net stop bits, ka sauya sunan foldar C:\Windows\SoftwareDistribution zuwa SoftwareDistribution.old, ka sake kunnawa.

8. Sake gwadawa, amma ta wata hanya

Kada ka koma ta Windows Update. Sauke ISO, danna shi sau biyu daga cikin Windows, ka buɗe setup.exe. Kafin nan ka buɗe msconfig, a shafin Services ka sa alama a Hide all Microsoft services, sannan Disable all, ka sake kunnawa. Ka tabbata ka ɓoye na Microsoft kafin ka kashe sauran. Idan an tambaye ka abin da za a riƙe, zaɓi Keep personal files and apps.

In wannan zaɓin ya dusashe ya ƙi dannuwa, tsaya. Yawanci harshen ISO ɗin ne bai dace da na kwamfutar ba, misali Turancin Amurka da na Ingila. Umarnin dism /online /get-intl zai nuna maka harshen asali, ka sauke wanda ya dace. Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne tayar da kwamfutar daga filash da niyyar sabuntawa. Ta can sabon girki kawai ake samu, manhajojinka ba za su biyo ka ba. In an gama lafiya, ka tuna ka koma msconfig ka kunna abin da ka kashe.

9. In ta haye amma ba daɗi

Sauti ya ɗauke, Wi-Fi ya ɓace, ko tana ta daskarewa: fara da direbobi daga shafin maƙerinta. In ba su magance ba, kana da kwana goma kacal na komawa ta Settings, System, Recovery, Go back. Bayan haka Windows zai share Windows.old. In kana son ƙarin lokacin gwaji, kafin wa'adin ya cika ka rubuta:

DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60

Kwana 60 shi ne iyaka.

10. Sabon girki, in komai ya ƙi

Kafin ka fara, buɗe diskin wajen a wata kwamfuta ka tabbatar fayilolin suna buɗuwa, ba sunayensu kawai ka gani ba. Ka tuna da abubuwan da ba sa cikin Documents: kalmomin sirri da ke burauza, lasisin manhajojin da ka saya, saƙonnin imel da ke ajiye a AppData.

Tayar da ita daga filash. In an nemi lambar lasisi, zaɓi cewa ba ka da ita. Lasisin yana ɗaure da kwamfutar kuma zai dawo da ta hau intanet, muddin ka zaɓi irin wanda take da shi, Home ko Pro. A wurin zaɓen diski, in akwai diski fiye da ɗaya ka duba girman kowanne sau biyu, ko ma ka zare na biyun tun farko. In ba ka ga diski ko ɗaya ba a sabuwar kwamfutar Intel, direban Intel RST ne babu, sauke shi daga shafin maƙerin ka sa a filash ka danna Load driver.

Kuma ko a nan ba dole ne ka yi fomatin ba. In ka zaɓi yankin da tsohon Windows yake ka ci gaba ba tare da danna Format ko Delete ba, mai girkawa zai tattara tsofaffin kayan ya zuba a Windows.old. Da ta tashi, shiga C:\Windows.old\Users ka kwashe abin da ya rage a ranar, domin wannan folda ba ta zama, Windows zai share ta da kansa bayan 'yan kwanaki.